Labarin Kifin Filafili, Dogon Kifin Teku

A zangon karatun da ya wuce an tura ni gwajin koyarwa a wata makarantar firamare ta Kurmin Sarki, aka ba ni aji biyar. Ran nan muna cikin darasin kifi, na zana tarwaɗa a allo ina nuna masu sassan jikinta, sai wani yaro ya ɗaga hannu. Ya ce, "Malam, akwai kifin da ya kai tsawon ajin nan?" Na ce babu, sai dai cikin tatsuniya. Ya ce ai shi ya gani a wayar yayansa, sojoji sun jeru sun rungume shi, kuma an ce duk ran da ya fito ƙasa za ta girgiza. 'Yan aji suka fashe da dariya, ni ma na murmusa, na ce ya zauna. Kashegari da aka tashi, sai ga shi ya jawo yayansa har bakin ƙofar makaranta, aka nuna mini hoton. Kunya ta kama ni.

Na ba yaron haƙuri, na yi masa alkawari zan bincika. Abin da na samo shi ne na ga ya kamata in rubuta a wannan mujalla tamu, gama dukanmu gobe za mu tsaya gaban yara waɗanda ba su taɓa ganin teku ba, amma hotunan abin da ke cikinsa suna iso masu har gida. Maganar yaron nan rabi gaskiya ce, rabi kuwa ba gaskiya ba ce. Kifin yana nan, tsawonsa kuma ba ƙari. Amma shi ba manzon girgizar ƙasa ba ne. Wanda ya san inda kifin ya ke zaune, da yadda jikinsa ya dace da wannan mazauni, shi da kansa zai raba gaskiyar da ƙaryar.

Sunansa

Kifin nan ba shi da suna da Hausa, domin kakanninmu ba su taɓa gamuwa da shi ba. Daga Suleja zuwa bakin teku mafi kusa ya fi kilomita 400 a miƙe. Turawan Ingila suna kiransa da wani suna wanda ma'anarsa ita ce kifin filafili, watau filafilin da a ke tuƙa kwalekwale da shi. To, ni ma haka zan kira shi a nan. Masana kuwa, waɗanda su ke ba kowace halitta suna da harshen Latin domin kada a rikice, suna ce da shi Regalecus glesne. Wani masani mutumin Norwe, Peter Ascanius, shi ya raɗa masa wannan suna cikin 1772. Kalma ta fari ma'anarta na sarki. Ta biyu daga sunan wata gona ta fito, a Glesvaer, wani ƙauyen masunta kusa da birnin Bergen inda aka sami kifin. Abin da ya kawo sarauta cikin sunan kuwa, masuntan ƙasashen can su kan gan shi jefi jefi kusa da garken kifin nan da a ke kawo mana cikin ƙanƙara, wanda 'yan kasuwa ke kira shawa. Sai suka zaci shi ne ke yi masu jagora, suka naɗa shi sarkin shawa.

Danginsa na kusa iri uku ne. Ɗaya ƙarami ne, yana can tekunan kudu. Sauran biyun kusan tagwaye ne, sai masani ya zauna ya yi ƙidayar ƙasusuwan jikinsu kafin ya rarrabe su. Wanda na ambata ya fi yawa a Tekun Atlantika, wanda ke wanke gaɓar Ikko, da kuma Bahar Rum. Ɗan'uwansa, Regalecus russelii, ya fi yawa a Tekun Pasifik, wajen Japan da Kalifoniya. Tun da ya ke zamansu ɗaya ne, zan haɗa labarinsu wuri guda.

Kamanninsa

Ku ɗauka an warware rawani an miƙe shi, sa'an nan aka sa masa kai a gefe ɗaya. Haka siffar kifin nan ta ke. Dogo ne, shafaffe ta gefe, faɗinsa daga gadon baya zuwa ciki bai wuce kamu ɗaya ba, kaurinsa kuwa kaɗan ne ƙwarai. Yawancin waɗanda a ke samu tsawonsu wajen mita 3 ne. Mafi tsawo da aka auna aka tabbatar ya kai mita 8, watau ƙafa 26. Akwai labarin masu mita 11, har da fiye, amma wani masanin kifi mai suna Tyson Roberts, wanda ya bi diddigin irin waɗannan labarai ya buga littafi a kansu cikin 2012, bai sami shaidar da ta wuce mita 8 ba. Ko a haka ma babu kifi mai ƙashi da ya kai shi tsawo a duniya. Akwai waɗansu kifayen shak da su ka fi shi, amma su guringuntsi ne a jikinsu, ba ƙashi ba.

Abin mamaki, duk tsawon nan ba shi da nauyin kirki. Wanda ke cikin hoton yaron nan tsawonsa mita 7 ne, nauyinsa kuma wajen kilo 140. Wanda ya taɓa zuwa bikin kamun kifi na Argungu ya san giwan ruwa da bai kai mita 2 ba ya kan yi nauyin ƙaton mutum.

Jikinsa fari ne fat kamar azurfa, da ɗigo ɗigo da zane masu duhu. Ba shi da kamɓori irin na karfasa. Wani sinadari ne mai ƙyalli ya lulluɓe fatar, in an taɓa ya kan biyo hannu kamar hoda. Ƙegensa, watau fiffiken da ke gadon bayansa, ja ne, ya taso tun daga saman ido ya bi baya har wutsiya, ƙananan ƙasusuwan da ke riƙe da shi kuma sun kai wajen 400. Na farko farkon da ke bisa kai dogaye ne, sun tashi tsaye kamar zankon zakara. A ƙarƙashin ƙirji akwai waɗansu dogayen zare guda biyu, kowane da ɗan faɗi a bakinsa kamar filafili, su ne asalin sunansa. Idanunsa manya ne, bakinsa ƙarami, ba shi da haƙori ko ɗaya.

Gidansa

Ruwan saman da ke sauka a Kurmin Sarki ya kan bi rafuka ya faɗa Gurara, Gurara ta kai shi Kwara, Kwara ta gamu da Binuwai a Lokoja, su gangara tare har teku. Tekun nan ya rufe kashi 71 cikin 100 na fuskar duniya, matsakaicin zurfinsa kuma wajen mita 3,700 ne. Domin mu gane shi, sai mu ɗauke shi kamar gidan bene mai hawa uku, amma wanda a ke shiga ta sama a gangara ƙasa.

Hawa na fari daga fuskar ruwa ne zuwa mita 200. Nan hasken rana ke ratsawa sosai, nan ne kuma ƙananan tsire tsire, waɗanda ido ba ya gani, su ke yaɗo cikin ruwa. Su ne gonar teku duka, yawancin kifin da mu ke ci a nan ya ke kiwo. Hawa na biyu daga mita 200 ne zuwa 1,000. A nan ko da tsakar rana haske bai fi na bayan magariba ba, kuma yana ta raguwa in ana gangarawa. Hawa na uku daga mita 1,000 ne zuwa ƙasa, can babu hasken rana sam. Kifin filafili ɗan hawa na biyu ne, ko da ya ke ya kan leƙo na fari. Dutsen Zuma da mu ke gani kullum ya tashi wajen mita 300 daga gindinsa. In aka ɗora irinsa uku, wani bisa wani, aka tsayar da su a ƙarshen hawa na biyu, ƙoƙon na sama ba zai ɓullo waje ba.

Abu huɗu ya kamata mu riƙe game da wannan gida. Na fari duhu ne, kamar yadda na faɗa. Na biyu sanyi. A bakin tekun Ikko ruwa yana da ɗumi, yara suna wanka ciki, amma a zurfin mita 1,000 sanyinsa kamar na cikin firji ne, wajen digiri 4 ko 5. Na uku nauyin ruwa. Kowace mita 10 da ka nutsa, ruwa yana ƙara danne ka da ƙarfi daidai da na dukan iskar da ke bisa kanmu a nan tudu. A zurfin mita 500, wurin da bai fi farcen babban yatsa ba yana ɗauke da nauyin kilo 50, watau buhun siminti guda. Na huɗu kuwa kwanciyar ruwa. Raƙuman ruwa da guguwa a sama kaɗai su ke haukansu, can ƙasa shiru ne.

Abinci kuma ba shi da yawa, tun da ba abin da ke tsiro. Mazaunan wurin dole su hau sama su ci. Cikin 1942, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin ruwan Amurka suna gwada wata na'ura kusa da San Diyego, wadda ke aika ƙara cikin ruwa ta saurari amsa kuwwa domin neman jiragen abokan gaba masu nutso. Sai na'urar ta riƙa nuna masu kamar sun taɓo ƙasan teku a zurfin mita 300 ko fiye kaɗan, alhali wurin ya fi haka zurfi nesa. Wani abin ban mamaki kuma, wannan ƙasa ta ƙarya ta kan taso sama da dare, ta koma da asuba. Cikin 1945 wani masani, Martin Johnson, ya nuna cewa halittu ne masu rai, ƙananan kifaye da jatan lande da makamantansu, dubu bisa dubbai. Da almuru su hau su yi kiwo, gari na wayewa su gangara su ɓuya cikin duhu, kamar yadda jemagu ke fita da magariba su komo da asuba. Cikin wannan taro kifin filafili ke samun abincinsa.

Yadda jikinsa ya dace da gidansa

Yanzu sai mu koma mu duba jikin kifin da waɗannan abubuwa a zuciya, za mu ga kowane sashe da dalilinsa.

Me ya hana nauyin ruwa murƙushe shi? Wanda ya taɓa feɗe kifi ya ga wata 'yar farar jaka mai iska a cikinsa, ita ke taimakon kifi ya tsaya cikin ruwa ba tare da ya nutse ba. Iska kuwa tana matsuwa in an danne ta, ta kumbura in an sake ta, saboda haka jakar nan wahala ce ga mai hawa da sauka cikin zurfi. Kifin filafili ba shi da ita sam. Namansa ruwa ne ya fi yawa ciki, laɓaɓa kamar romon ƙafar saniya da ya kwana ya daskare, ruwa kuwa ba ya matsuwa. Shi ya sa ƙarfin da ke danna shi daga waje ya yi daidai da na ciki. Shi ya sa kuma ba shi da nauyi, ba a kuma sha'awar namansa.

Launinsa ma kariya ce. In hasken rana ya shiga ruwa, ja ne ke fara ɓacewa tun ba a yi nisa ba, shuɗi ne ke kai wa can ƙasa. Saboda haka jan ƙege da jan zanko da ke ba mu sha'awa a bakin gaɓa, a gidansa baƙi su ke, ba a ganinsu. Farin jikin kuma yana mai da ɗan hasken da ke kewaye da shi kamar madubi, sai ya saje da ruwa. Manyan idanu kuwa domin tattara ɗan hasken da ya rage ne, kamar na mujiya.

Bakin da ba haƙori fa? Abincinsa ƙananan jatan lande ne, irin busassun nan da a ke dakawa a zuba a miya, da 'yan ƙananan kifaye. Bakin ya kan zazzago gaba ya zuƙo ruwa da abin da ke cikinsa. A ƙarƙashin kumatunsa, inda jan abin da kifi ke numfashi da shi ya ke, akwai jerin ƙasusuwa sirara kamar haƙoran matsefi, fiye da 40. Ruwa ya wuce ta tsakaninsu, abinci ya maƙale, kamar yadda rariya ke tare tsaki. Ashe dodon da a ke tsoro ko yatsan yaro ba ya iya cizo.

Yadda ya ke iyo

Shekaru da yawa gawarsa kaɗai aka sani. Masu zane su kan zana shi yana lanƙwasa kamar maciji, waɗansu kuma suka ce da zaren nan biyu ya ke tuƙa kansa kamar mai kwalekwale. Gani ya kori ji. Kamfanonin haƙar mai a Mashigin Tekun Meziko suna da na'urori masu nutso, masu ɗauke da kamara, waɗanda a ke sarrafawa daga cikin jirgi domin duba bututu. Wani malamin Jami'ar Jihar Luwiziyana, Mark Benfield, ya shirya da su a riƙa ɗaukar hoton duk wata halitta da aka gamu da ita. Tsakanin 2008 da 2011 suka ɗauki kifin filafili da ransa har sau biyar, wani a zurfin kusan mita 500.

Abin da aka gani ya saɓa wa zanen da. Kifin ya kan tsaya a tsaye ne cikin ruwa, kai sama, wutsiya ƙasa, jiki a miƙe kamar gora. Dogon ƙegen nan kaɗai ke motsi, yana kaɗawa daga wannan gefe zuwa wancan kamar iska na bin gonar shinkafa. In kaɗawar ta nufi wutsiya ya yi gaba, in ta juya ya yi baya. Zaren nan biyu ba su tuƙa kome, saboda haka sunan filafili ma bisa kuskure aka sa shi. Masana suna ganin tsayuwar nan dabara ce ta farauta, gama mai kallon sama daga cikin duhu ya fi saurin hango inuwar abin da ke wucewa bisa kansa.

Mu nan ba sai mun je teku kafin mu ga irin wannan iyo ba. Yauni, wanda waɗansu ke kira ɗan sarki, yana nan cikin Kwara da Binuwai da Tafkin Chadi. Shi ma dogon ƙege gare shi tun daga wuya har kusa da wutsiya, yana miƙe jikinsa ya kaɗa ƙegen kaɗai, ya yi gaba ko baya yadda ya so. Ba dangin juna ba ne, amma hanyar tafiyarsu ɗaya. Irin wannan iyo ba ya cin ƙarfi, ya dace da mai zama inda abinci ya yi ƙaranci. Sai dai ba shi da sauri, ba ya kuma iya jayayya da ruwa mai ƙarfi. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Haihuwarsa da maƙiyansa

Macen tana zuba ƙwai cikin ruwa ne ta bar su. Ƙwan ƙanana ne kamar ƙwayar gero ko dawa, su kan taso su yi ta yawo kusa da fuskar ruwa har su ƙyanƙyashe. Cikin Oktoba 2013 ruwa ya turo wata mace mai ƙafa 14 a garin Oceanside na Kalifoniya, da aka feɗe ta aka tarar da ƙwai dubu ɗari da ɗoriya a cikinta. Cikin 2019 kuma masana a tsibirin Okinawa na Japan suka haɗa ƙwan mace da maniyyin namiji daga waɗansu biyu da taru ya kama. Bayan mako biyu da 'yan kwanaki 'ya'ya suka fito, kowane bai kai santimita ɗaya ba, ko da ya ke ba su daɗe ba suka mutu. Ku duba fa, abin da zai kai tsawon aji daga nan ya ke farawa.

Kwana biyar kafin a sami macen nan ta Oceanside, an tsamo wani mai ƙafa 18 a tsibirin Katalina, ba nisa da wurin. Cikin hanjinsa aka sami 'ya'yan wata irin tsila wadda ba ta girma sai ta shiga cikin shak. Daga nan masana suka yi zaton shak na cin kifin filafili.

Yana da wata dabara kuma da kowane yaro zai gane. Zuciyarsa da hantarsa da sauran kayan cikinsa masu muhimmanci duk suna can gaba kusa da kai. Roberts ya lura cewa yawancin manyan da aka samu wutsiyarsu a gutsure ta ke, wurin kuma ya warke sarai. Watau kifin ya kan yar da wani yanki na bayansa ya ci gaba da rayuwa, kamar yadda tsaka ke barin wutsiyarta a hannun yaro. Bambancinsu, ta tsaka tana sake tsirowa, tasa kuwa ba ta tsirowa.

Macijin teku

Tun zamanin da matuƙan jiragen ruwa ke ba da labarin wani ƙaton maciji mai jan geza. Masana da yawa suna ganin kifin nan ne asalin waɗansu daga cikin labaran. Cikin Janairu 1860 ruwa ya turo wani mai ƙafa 16 a tsibirin Bamuda, jaridu suka buga cewa an kama macijin teku, sai daga baya da aka duba shi da kyau aka ga kifi ne. Kada mu yi masu dariya. Mu ma nan wanda ya hango ayu da almuru ya ɗago kai cikin Binuwai, ya kan komo gida da labarin ya ga mutumin ruwa.

Hoton da yaron nan ya nuna mini shi ma yana da nasa labari. Cikin 1996 aka ɗauke shi a Koronado, kusa da San Diyego, inda waɗansu sojojin ruwan Amurka masu koyon aiki suka tarar da kifin a bakin gaɓa. Daga baya wani ya ɗauki hoton ya rubuta a ƙarƙashinsa wai sarauniyar macizai ce sojojin Amurka suka kama cikin kogin Mekong na ƙasar Lawos cikin 1973. Aka yi ta bugawa ana sayarwa a Lawos da Tailan. Hoton na gaskiya ne, rubutun ne ƙarya. Kifin teku mai zurfi ba ya zama cikin kogi, ko Mekong ko Kwara.

Maganar girgizar ƙasa

Wannan magana daga Japan ta fito. Mutanen can suna kiran kifin manzon fadar sarkin teku, tsofaffinsu kuma suna cewa fitowarsa alamar girgizar ƙasa ce. Cikin 2009 da 2010 an sami waɗansu da dama a gaɓar ƙasar. Ran 11 ga Maris 2011 aka yi babbar girgiza, teku ya yi ambaliya, mutum fiye da 15,000 suka hallaka. Daga nan maganar ta bazu ko'ina a duniya.

Maimakon gardama, waɗansu masanan Japan, da Yoshiaki Orihara a gaba, suka zauna suka yi ƙidaya. Suka tattara labarin fitowar wannan kifi da waɗansu kifayen zurfi irinsa daga 1928 zuwa 2011, suka sami sau 336. Suka jera manyan girgizar ƙasa na wannan tsakani, guda 221. Sa'an nan suka tambaya, sau nawa ne girgiza ta biyo bayan kifi cikin kwana 30, a wurin da bai wuce kilomita 100 ba? Amsar da suka buga cikin 2019 ita ce sau ɗaya tak.

To, me ya sa maganar ta ƙi mutuwa? Japan tana zaune ne inda manyan faifan dutse na ƙarƙashin ƙasa ke gugar juna, a kan ji motsin ƙasa fiye da sau 1,000 a shekara. A irin wannan ƙasa ko akuya ce ta yi atishawa, girgiza za ta biyo baya. Haka Kalifoniya. Cikin Agusta 2024 an tsinci gawar kifin kusa da San Diyego, bayan kwana biyu ƙasa ta ɗan motsa a Los Anjalis, mutane suka ce ka gani ko. Amma masanan cibiyar binciken teku ta Scripps sun ce shi ne na 20 da aka samu a jihar tun 1901, girgizar da aka yi a wannan tsakani kuwa ba ta ƙirguwa. Ɗan Adam ya kan tuna ranar da abu ya dace, ya manta ranaku ɗari da bai dace ba. Mu ma ƙasa ta motsa a Kwoi cikin 2016, ta kuma motsa a Mpape, nan kusa da mu, cikin Satumba 2018. Ba kifin da ya zo ya faɗa mana. Duwatsu ne ke zamewa bisa tsaga can ƙarƙashin ƙasa.

Gaskiya ne ruwa ba ya tsami banza, fitowar kifin tana da dalili. Amma dalilin a jikinsa ya ke. Mun ga namansa ba ƙarfi, iyonsa ba sauri, gidansa kuma ruwa ne kwantacce. In ciwo ya kama shi, ko igiyar ruwa ta kwashe shi ta kai shi kusa da gaɓa, ko zafin ruwa ya sake masa farat ɗaya, ba ya iya komawa. Raƙuman ruwa su yi ta jifa da shi har su yar da shi bisa rairayi. Shi ya sa kusan duk wanda aka samu ko matacce ne ko yana bakin mutuwa. Wanda ya ga kifin filafili a gaɓa ba manzo ya gani ba, baƙo ya gani wanda ya ɓace hanya.

Abin da na koma na yi

Ran Litinin na shiga aji da igiya mai mita 8, da gorar roba biyu, da busasshen yauni da na samo a kasuwa. Da fari na tsai da yaron nan gaban 'yan'uwansa, na ce masu shi ke da gaskiya game da tsawon kifin, ni ne na yi kuskure. Sa'an nan muka fita fili, yara suka miƙe igiyar, suka jeru suka riƙe ta kamar sojojin hoton. Muka komo, na ba su gora ɗaya ba kome ciki sai iska, ɗaya cike da ruwa fal, duka a rufe, na ce su matsa. Mai iska ta lotsa, mai ruwa ta ƙi. Ba sai na yi dogon bayani game da jakar iska ba. Yauni kuma ya zaga hannu hannu, kowa ya shafa ƙegensa.

Daga ƙarshe na rubuta tambaya uku a allo, na ce duk hoton da aka nuna masu su yi masa su. Wa ya gani da idonsa? A ina, kuma yaushe? Wa ya auna, ko ya ƙirga? Wata yarinya ta ce, "Malam, har abin da kai ka faɗa mana?" Na ce har shi.

'Yan'uwana masu koyon aikin malanta, in yaro ya kawo maku abin da ba ku sani ba, kada ku yi saurin cewa ƙarya ne kamar yadda na yi, kada kuma ku haɗiye shi duka. Matambayi ba ya ɓata. Ku ce da shi za ku bincika, ku kuwa bincika, ku komo masa da amsa. Allah ya ba mu sa'ar aikin da mu ka sa gaba, amin.